Daga ina muka gaji 'yancin zaɓen madabod?

Maudu'in wannan mako tarihi ne na wani abu da da yawanmu muke taɓawa ba tare da mun tambayi asalinsa ba. Idan matashi ya tara kuɗi zai haɗa kwamfutar buga gem da hannunsa, yakan sayi furosesa daga wani kamfani, katin hoto daga wani, ram daga na uku, ya ɗaure su a kan babban allon nan da ake kira madabod, ya kunna, su yi aiki tare. Ba a yin haka da wayar hannu, ba a yi da PlayStation. To me ya sa kwamfutar tebur ta fita daban?

Tun da marubuta ne mu, bari mu fara sasanta suna. Madabod dai uwar allo ke nan, wadda sauran kayan suke ɗafewa a jikinta. Za mu riƙe sunan da masu gyara suke kira, domin da shi za ku yi ciniki a kasuwa.

Labarin ya faro ne daga gaggawa. A 1980 kamfanin IBM ya ga ƙananan kwamfutoci irin su Apple II suna cin kasuwa, shi kuwa ya saba da manyan injinan da yake ƙera kusan komai nasu da kansa. Sai aka ware wata 'yar tawaga a garin Boca Raton na jihar Florida, ƙarƙashin Don Estridge, aka ba su wajen shekara guda. Shekara ba ta isa a ƙirƙiri komai daga tushe ba, don haka suka shiga kasuwa kamar kowa: furosesa 8088 daga Intel, manhajar gudanarwa daga Microsoft. Ranar 12 ga Agusta 1981 aka fito da IBM PC, da gurabe biyar a kan allonsa don cusa ƙarin katuna. Suka kuma wallafa littafin da ya ƙunshi zanen wayoyin injin, har da rubutun BIOS, wato 'yar manhajar da ke tada kwamfuta daga barci. Niyyarsu wasu kamfanoni su ƙera katunan da za su ƙara wa injin farin jini. Dogaronsu shi ne doka ta hana a kwafi BIOS ɗin.

Ashe akwai hanyar zagaye. Compaq, da daga baya Phoenix a 1984, suka sa injiniyoyin da ba su kwafi rubutun IBM ba suka rubuta sabo mai yin aiki iri ɗaya. Phoenix ya riƙa sayar wa duk mai so. Microsoft kuma dama bai sayar wa IBM manhajarsa dungurungum ba, yana da damar ba wa kowa. Ka ga an ba kura ajiyar nama ke nan. Kafin a ankara, a 1986 Compaq ya riga IBM fito da kwamfuta mai furosesa 386.

IBM ya yi ƙoƙarin rufe ƙofa. A 1987 ya fito da PS/2 da sabon nau'in gurbi mai suna Micro Channel, wanda tsofaffin katuna ba sa shiga, kuma duk mai son amfani da shi sai ya biya lasisi. A 1988 kamfanoni tara suka haɗa kai suka fito da nasu tsarin, EISA, mai karɓar tsofaffin katuna. A ganinmu nan ne aka yi yaƙin da ya fi kowanne muhimmanci a wannan tarihi, ko da yake ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. Da IBM ya yi nasara, da wataƙila yau kwamfutar tebur rufaffen akwati ce. Bai yi ba, kuma a 2005 ya sayar wa Lenovo na ƙasar Sin sashen nasa na ƙananan kwamfutoci baki ɗaya.

Waɗanda suka ci gajiyar buɗaɗɗiyar ƙofar su ne maƙeran Taiwan. Gigabyte da MSI an kafa su a 1986, ASUS a 1989, wanda injiniyoyi huɗu da suka bar Acer suka assasa. Sana'arsu ta farko allon ce zalla, su sayar wa ƙananan shaguna da ɗaiɗaikun mutane. Har yau sunayensu ne ke kan kwalayen da muke dubawa.

Sai dai haɗa kwamfuta a wancan zamani ba wasan yara ba ne. A tsarin AT, wuta tana shiga allo ta filogi biyu masu kama da juna, kuma ƙa'ida ita ce baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Ka juya su, allo ya ƙone. A 1995 Intel ya fito da tsarin ATX: filogi ɗaya mai hakora 20 wanda ba ya shiga a juye, da ƙayyadaddun wuraren ɗaura noti, da faɗin allo milimita 305 da 244. Daga baya filogin ya koma hakora 24, aka samu ƙannai, microATX a 1997 da Mini-ITX na kamfanin VIA a 2001. Abin mamaki, shekara talatin ke nan, kuma akwatin ATX na da can zai iya ɗaukar allon bana, ramukan notinsu su dace.

'Yan gem su ne suka riƙa tura wannan keke. Doom ya fito a 1993, Quake a 1996, kuma a wannan shekarar ce katin Voodoo na kamfanin 3dfx ya nuna cewa zanen hoto mai zurfi aiki ne na kati na musamman. Aka buɗe wa katin hoto gurbinsa na kansa, AGP, a 1997, Nvidia ya fito da GeForce 256 a 1999, sannan PCI Express ya gaje gurbin daga 2004. Wannan na ƙarshen yana da halin kirki: sabon kati yana aiki a tsohon gurbi, tsoho ma yana aiki a sabo, iyaka dai saurin ya bi na mai rauni.

Inda 'yancin ya ƙuntata shi ne mazaunin furosesa, wato soket. A zamanin Socket 7, allo ɗaya yana iya karɓar furosesar Intel ko AMD ko Cyrix. A 1997 Intel ya koma Slot 1 da Pentium II, a 1999 AMD ya fito da Slot A don Athlon, masu kama a ido amma ba sa aikin juna. Tun daga lokacin, sayen madabod ya zama zaɓen gida. Intel ya saba sauya soket bayan zubi biyu, ko da yake LGA1700 na 2021 ya ɗauki uku. AMD ya riƙe AM4 tun 2016. A 2020 ya sanar da cewa sabbin Ryzen 5000 ba za su yi aiki a allunan jerin 400 ba, masu saye suka yi ca, ya janye maganar cikin 'yan kwanaki. A ƙarshe har wanda ya sayi allon B350 a 2017 ya iya ɗora 5800X3D na 2022 bayan sabunta BIOS. Shekara biyar a duniyar kwamfuta tsufa ne, kuma surutun masu saye ne ya ƙwato ta.

Wani sauyin ya faru shiru. A da, sashen da ke kula da ram yana kan allo ne, saboda haka allo mai kyau yana ƙara sauri a zahiri. AMD ya mayar da shi cikin furosesa da Athlon 64 a 2003, Intel ya bi a 2008. Shi ya sa a yau allo mai tsada da mai matsakaicin kuɗi, idan furosesa da katin hoto ɗaya ne, kusan gudu ɗaya suke ba gem. Fitilu masu launi ba sa ƙara komai. Abin da kuɗinka ke saya shi ne ingancin sashen da ke tace wuta zuwa furosesa, da yawan gurabe, da tsawon ran soket. Ragowar kuɗin katin hoto ya fi cancanta da su. A kuma lura da ram: DDR4 da DDR5 tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, AM5 na 2022 DDR5 kawai yake karɓa, allunan LGA1700 kuwa kowanne da irin wanda aka ƙera shi a kai.

Ingancin kayan wuta kuwa an koye shi ne da tsada. Daga wajajen 1999 zuwa 2007 alluna masu ɗimbin yawa sun mutu saboda gurɓataccen ruwan da ke cikin kafasito, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allo, suka riƙa kumbura suna yoyo. Daga nan ne maƙera suka fara tallar kafasito marasa ruwa.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, mu da yawancin cinikinmu na hannu ne, ko a Computer Village ta Ikeja ko a shagunan Kano da Kaduna. Yawancin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su ba su bi tsarin ATX sau da ƙafa ba. Manyan kamfanoni sukan yi musu nasu fasalin allo da nasu filogin wuta, akwatin wutar kuma ƙarami ne, ba shi da wayar da babban katin hoto ke buƙata. Mai niyyar mayar da irinta injin gem ya sa a buɗe masa murfin a gabansa, ya ƙirga hakoran filogin, ya karanta lambar soket, ya duba kawunan kafasito ko sun kumbura, kafin a fara maganar farashi.