Agadas: Garin da Hanya Ke Cikawa, Hanya Ke Kwashewa

Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shiga Agadas a 1850, kangaye ya fara gani. Unguwanni sukutum sun zama kufai, ungulaye na zaune a kan rusassun katangu. Ya ƙiyasta mazauna garin da dubu 7, alhali a ƙarni na 16, sa'ilin da Askiya Muhammadu na Songhai ya kawo shi ƙarƙashin ikonsa, ana jin sun kai dubu 30.

Ayari ne ya tara wannan jama'a tun asali. Fatake daga Kano da Katsina, Larabawan Gadamus, Abzinawa masu ɗauko gishirin Bilma, kowa a nan yake sauke kaya, wasu su yi aure su zauna. Da Maroko ta rusa daular Songhai a 1591, cinikin zinariya ya ja baya, attajirai suka tattara nasu ya nasu suka nufi biranen Hausa.

Mafi munin kwasa ta zo a 1917. Bayan Faransawa sun karya ƙawanyar da Kawusan, jagoran tawayen Abzinawa, ya yi wa barikinsu, sun kashe mutane da dama, har da malamai, wasu suka tsere kudu. Garin ya kusa mutuwa a tsaye.

Abin tausayi, wahala na cikin abin da ya sake cika shi. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarar da dabbobin makiyaya. Mutumin da jiya yake da garken raƙuma ya wayi gari ya kafa bukkar tabarma a bakin gari, yana neman aikin gadi. A daidai wannan zamani haƙar yuraniyom a Arlit ta kawo kwalta da ma'aikata. Ƙidayar 1977 ta sami kimanin mutum dubu 20. Ta 2012 ta haura dubu 110.

Sai dai masu ɗora wannan ƙaruwa duka a kan baƙi sun bar rabin zance. Nijar na sahun gaba a duniya wajen yawan haihuwa, kuma rigakafi ya rage mutuwar ƙananan yara ƙwarai. 'Ya'yan waɗanda fari ya koro, a Agadas aka yanke musu cibiya, kuma su ne yau ke kai nasu 'ya'yan makaranta.

Masu wucewa kam ba su daina ba. Wata doka ta 2015 ta tsayar da motocin da ke kwasar 'yan ci-rani zuwa Libiya kowace Litinin, direbobi da masu masauki suka rasa abin yi. An soke dokar a Nuwamban 2023, tashar mota ta sake cika.