Yadda ake ba sabon katako kamannin kayan kakanni

Sau tari 'yan uwanmu da ke Yamai, Kano ko Faransa kan yi sha'awar tsohuwar kujera 'yar tsugunno ko akwatin katako mai baƙin tsufa. To, ba sai mun rabu da kayan gado ba, sabo ma ana tsofar da shi a gida.

Asirin yana wajen dukawanmu: bagaruwa in ta gamu da ƙarfe, baƙi take yi. A jiƙa tsofaffin ƙusoshi cikin binegar kwana 7. A daka bagaruwa, a tafasa, a shafa ruwanta ga katakon, a bari ya bushe, sannan a bi da ruwan ƙusoshin. Nan take zai yi duhu. Daga nan a goge gefuna da inda hannu ke taɓawa da yashi mai laushi, a murza kakin zuma.

Ƙirya ta fi dacewa, don gara ba ta cinta da sauƙi. Amma fa hattara: kar a kankare tsohon fenti kusa da yara, wani na da gubar dalma. Akushin tuwo kuwa, a bar wa masassaƙi ya ƙona da ƙarfe mai zafi.