Ƙeso: Tarihi da Sifofin Adadin 20,000 a Lissafin Hausawa

Kafin zuwan sulalla da takardun kuɗi, wuri shi ne kuɗin ƙasar Hausa. Da yake darajar ƙwaya ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, ciniki ya tilasta wa fatake da dillalai yin mu'amala da manyan lambobi a kullum. Wuri ashirin shi ne hauya, ɗari kuwa zangu, dubbai kuma a ce zambar kaza. Babban ma'auni shi ne ƙeso, wato zambar ashirin, ko wuri 20,000 da akan ɗura cikin jakar tabarma.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ga yadda ake wannan ƙidaya a Tasawa cikin 1851. Ba a shirya wurin a zare. Zube shi ake yi, a riƙa ja biyar-biyar, ana tara tsibi na metan ko na dubu. Ashe ke nan ƙeso tsibi ɗari ne na metan, ko tsibi ashirin na dubu, kuma daga wannan tsari ya samo sifofinsa.

Idan aka warware 20,000 zuwa asalinsa, ba a samun kome sai biyu da biyar: 32 sau 625, wato biyu ta ribanya kanta har hawa biyar, biyar kuma har hawa huɗu. Saboda haka lambobi 30 ne ke raba shi ba saura. Ana iya raba shi biyu sau biyar a jere: 10,000, 5,000, 2,500, 1,250, sannan 625, inda ya tsaya a kan mara. Irin wannan adadi shi malaman hisabi ke kira zaujuz zauji wal fardi. Haka kuma za'idi ne, domin jimlar lambobin da ke raba shi, ban da shi kansa, ita ce 29,203, ta zarce shi.

Amfanin wannan a kasuwa da gaban alƙali a fili yake. Nusufin ƙeso 10,000 ne, rubu'i 5,000, humusi 4,000, ushuri 2,000, sumuni kuwa 2,500, wanda ya yi daidai da farashin dalar azurfa ɗaya a Kano a zamanin Barth. Ƙeso ɗaya dala takwas ke nan. Amma uku ba ta shiga cikinsa, don haka sulusi da sudusi, waɗanda rabon gado ke bukata, sukan bar saurar wuri biyu.

Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke sayarwa waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, wato ƙeso 15,000. Daga baya Turawan fatauci suka kwararo da wurin Zanzibar zuwa Afirka ta Yamma, darajarsa ta faɗi, sannan a 1904 gwamnatin Lugard ta hana shigo da shi Arewa.

Da wuri ya kau, kalmominsa suka bi shi, har ɗalibai da yawa ba su san hauya ba sai ta noma. Amma kalmomin nan su ne shaidar cewa Bahaushe ya daɗe yana sarrafa manyan lambobi bisa ƙa'ida, tun kafin a kafa makarantar boko. Wajibi ne masu nazarin harshe da malaman lissafi su tattara su, su mai da su cikin aji.