Ɗan Bazawara a Ƙagaggun Labaran Hausa: Waiwaye Daga 1934 Zuwa Yau

Gabatarwa

Idan aure ya mutu a ƙasar Hausa, harshenmu ya tanadar wa kowa sunansa. Matar ta zama bazawara, mijin kuwa, in ba shi da wata, ya zama gwauro. Akwai yaji, akwai biko, akwai idda, akwai kome, har da auren kisan wuta. Amma yaron da aka haifa a tsakani, sai in ya bi uwarsa gidan wani miji yake samun suna, watau agola, sunan da ba mai son a kira shi da shi. In kuwa ya zauna gidan ubansa, ba shi da wani suna na dabam, domin a ganin jama'a babu abin da ya same shi. Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in bi sawun wannan yaro cikin ƙagaggun labaranmu, musamman waɗanda samari da 'yan mata ke karantawa, mu ga yaushe aka fara kula da shi, da kuma irin haƙurin da ake koya masa.

Yadda abin yake a karkara

Bari mu fara da gida. Duk wanda ya bi hanya daga Kano zuwa Ɗambatta ko Bichi ko Minjibir ya san cewa da ƙyar zai ga daji. Gona ce ke bin gona, gida na hangen gida, ga kuka da ɗorawa a tsaitsaye. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano tun cikin shekarun 1960, ya nuna cewa saboda yawan jama'a ba a barin gona ta huta, kowace shekara sai an noma ta, taki ne ke riƙe da ita. A wuri irin wannan, gona ita ce asali, kuma ta wajen uba galibi ake samun ta. Yaro namiji hannu ne a gandu tun yana ƙarami, sa'an nan magaji ne idan ya girma. Don haka idan aka yi saki, da wuya uba ya yarda ɗansa ya tafi. Al'ada ta bar wa uwa ɗan goye har a yaye shi, daga nan sai a mayar da shi gidan ubansa, ko a ba wata gwaggo ko kaka riƙo.

Abin lura shi ne, wannan al'ada ce, domin fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a Risala da Muhtasar ya ba uwa haƙƙin renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta, uban yana ciyarwa. In uwar ta yi wani aure, haƙƙin ya koma ga mahaifiyarta. Amma a ƙauye mata nawa ne ke kai wannan magana gaban alƙali? Mace takan ji kunyar a ce tana jayayya a kan ɗa, musamman ɗan fari da ko sunansa ba ta faɗa.

Ni kaina a irin wannan gida na tashi, a ƙasar Ɗambatta. Ina shekara goma sha ɗaya mahaifiyata ta fita, ta koma garinsu, wanda bai fi tafiyar sa'a guda a ƙafa ba. Ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Da safe muka ga an kwashe kwanuka, da yamma aka ce mu riƙa karɓar tuwo a ɗakin Inna. Kowa ya ce mu yi haƙuri, muka yi. Ranar kasuwa kaɗai muke ganin ta, mu gaisa kamar baƙi. Wannan ne ya sa da na fara karatun adabi, nake duba kowane littafi ko zan ga mai kama da ni.

Tatsuniya da littattafan farko

Tatsuniya ta san yaron da ke shan wuya a hannun kishiyar uwa. Akwai 'yar bora da aka aika wanki ruwan Bagaja ta dawo da dukiya, akwai marainiyar da ake ba ƙanzo alhali 'yan ubanta na cin mai kyau. Sai dai a lura, a tatsuniya ko dai uwar tana cikin gidan a wulaƙance, ko kuwa ta mutu. Da wuya a ji an ce an sake ta, tana can ƙauyen gaba tana zawarci. Mutuwa daga Allah take, ba a tuhumar kowa, saki kuwa akwai wanda ya furta shi, kuma shi ne maigidan da ake yin tatsuniyar a tsakar gidansa. Darasin kullum ɗaya ne: mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma sakamakon yakan zo ne ta hannun wata tsohuwa ko aljana.

Da aka shirya gasar rubutu ta 1933 a ƙarƙashin Rupert East a Zariya, littattafan da suka fito daga 1934 ba su sāke wannan hanya ba sosai. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne ya fi kusa, domin labari ne na ɗa da uwa da aka raba, uwar ta bi sawunsa har ƙetaren Sahara. Amma maraici da satar mutane da bauta ne suka raba su. Wani abin mamaki kuma, a 1954 an buga tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau. Baba ta yi aure sau huɗu, ta riƙe 'ya'yan wasu, ta ba da labarin fitar mata da kome da riƙo filla-filla. Ashe abin da ƙagaggen labari ya yi shiru a kansa, tsohuwar ƙauye tana faɗar sa ba tare da wani nauyin baki ba.

Zamanin littattafan soyayya

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafan da suka yi fice a gasarsa, cikinsu har da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma matasa suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu, 'yan makaranta da matan aure suka rungume su. Yawancinsu a kan soyayya da auren dole suke, watau yadda za a shiga aure. Wadda ta juya ta dubi yadda ake fita daga cikinsa ita ce Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an yi mata aure tana ƙarama, auren ya mutu, sa'an nan ta nemi ilmi a ajin manya.

A littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. A nan ne, a iya karatuna, aka fara baje wa mai karatu lissafin saki a fili: wa zai ciyar, wa zai biya kuɗin makaranta, ina za a kwana. Rabi ta kama sayar da abinci, yaran suka taya ta. Babbar 'yarta Saudatu ta ga rushewar gidansu da idonta tana budurwa, ta daure, ta auri attajiri Alhaji Abubakar. Wuta ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta zame masa ƙaya, daga ƙarshe aka matsa wa Rabi ta karɓe shi. Littafin ya yi nisan da a 2012 aka buga fassararsa ta Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi, a ƙasar Indiya.

To, amma ya ɗan'uwa mai karatu, dubi Saudatu da kyau. Ashe ba 'yar bora ba ce ta dawo cikin sabon zane? Attajirin miji ya maye gurbin tsohuwar bakin kogi, gobara ta hukunta azzalumi, iyaye kuma sun koma. Yaro nawa ne a Makoɗa ko Kunci zai ga haka a rayuwarsa? A Amurka, Judy Blume ta buga It's Not the End of the World a 1972, labarin yarinyar da ta yi ta dabarar sasanta iyayenta har ta gane ba za su koma ba, ta ci gaba da rayuwarta a haka. Ba cewa nake mu kwaikwayi Amurkawa ba, domin yaronmu yana da kaka da gwaggo da kawu da 'yan uba. Abin da nake nufi shi ne, akwai haƙurin jiran sakayya, akwai kuma haƙurin karɓar abin da ba zai gyaru ba, kuma na biyun ne yawancinmu muka rayu da shi.

Kammalawa

Hukuma ma idonta na kan manya ne. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano da sunan gyaran tarbiyya. A Janairun 2009 Hukumar Hisba ta hana zawarawa yin jerin gwanon da suka shirya, a 2012 kuma gwamnatin jiha ta fara aurar da zawarawa, mata ɗari a karon farko. Kowace amarya da aka kai ɗaki mai yiwuwa ta bar yara a wani gida, ko ta shiga da agola.

Saboda haka kirana ga 'yan'uwana 'yan wannan ƙungiya shi ne, da yawa daga cikinmu 'ya'yan manoma ne, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne ɗan bazawara a ajinmu. Mu rubuta yaron da ke noma a gandun ubansa, zuciyarsa tana ƙauyen gaba. Mu bar shi ya yi fushi, ya yi kewa, ya gano cewa kishiyar uwa ma wani lokaci mutuniyar kirki ce, ya girma ba tare da an mayar da auren ba. Malamanmu kuma su taimaka su sa ɗalibai su tattaro irin waɗannan labarai daga bakin tsofaffi tun suna raye. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, inda kuma zama ya ƙi, ya sa a tuna da yara.