Gwanjo: Daga Ƙararrawa Zuwa Wayar Hannu

Kwanakin baya 'yar ƙanwata ta shigo gida tana ta murna, wai ta "ci" wata tsohuwar jaket a Instagram. Wata mata ce a Barnawa take fasa dila a gaban kyamara, ta ɗaga riga, masu kallo su riƙa tayi a rubuce, wanda tayinsa ya fi tsoka ya tura kuɗi, ɗan aike ya kai masa har ƙofar gida. Na ce mata ai wannan gwanjo ne. Ta ɓata rai, ta ce a'a, kayan tsohon yayi ne, Turawa ma rububinsu suke yi.

To mai karatu, ni dariya abin ya ba ni, domin yarinyar ba ta san cewa kalmar ce ta koma gidansu ba. Asalin gwanjo a Hausa ba tufafi ba ne, ciniki ne: a tara kaya, a buga ƙararrawa, a yi ta tayi har a sallama wa wanda ya fi bayarwa. Daga baya ne sunan ya manne wa tufafin da aka riga aka sa, waɗanda mutanen Kudu ke kira okirika, da sunan garin Okrika na jihar Ribas. Su kuwa Turawa tasu ƙararrawar ta hau intanet tun 1995, lokacin da aka buɗe eBay a Amurka.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda ake wannan ciniki. Daga Barnawa zuwa Kakuri tafiya ce 'yar kaɗan, kuma Kakuri ita ce ta taɓa tufatar da Arewa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. UNTL ta biyo baya a 1964, sannan Arewa Textiles wadda Japanawa ke da hannu a ciki. Wanda ya san Kakuri a wancan zamani zai gaya maka idan jiniya ta yi kuka aka canza aiki, kekuna ne ke cika titi maƙil, masu abinci da masu gidajen haya a Makera da Nasarawa duk a jikin masaƙun nan suke ci. A lokacin mai sayen gwanjo sai ya waiga hagu da dama kafin ya tsuguna, kada a gan shi.

Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, auduga da kayan gyaran injina suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama. Atamfar Sin ta kwararo ta ɓarauniyar hanya. Dilolin gwanjo su ma haka, duk da dokar hana shigo da su, ta Kwatano da ta Maraɗi suke ɓullowa su sauka a Kasuwar Barci da kasuwar Litinin ta Kakuri. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Ma'aikatan KTL da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana saƙa yadi, shi ne ya koma yana tsugunne yana tonon wandon makaranta wa ɗansa a cikin dila. Ban ga laifin gwanjo ba, wallahi ya rufa asirin gidaje da yawa, har da namu. Masu mulkin da suka zuba ido ne nake ganin baƙinsu.

Da yarinyar ta dame ni da zancen tsohon yayi, sai na buɗe akwatin marigayiya mahaifiyarmu na ciro mata turmin atamfa ɗan Kakuri, ko ɗinkawa ba a yi ba, launinsa yana nan kamar jiya. Ta shafa, ta juya shi, ta karanta rubutun gefensa, sannan ta tambaye ni ko har yanzu ana samun irinsa.

Na ce mata ta shirya, ranar Litinin zan kai ta ta ga inda aka saƙa shi.