Aljabara ta girmi harafin x

Iyaye da yawa na ɗaukar aljabara kayan Turawa ce, don da Faransanci ƴaƴansu ke koyonta. Tarihi bai ce haka ba. Wajen shekara ta 820, a Bagadaza, Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafin da aljabara ta samo sunanta. "Jabr" a Larabce ɗori ne, irin na karaya. Babu x ko ɗaya a littafin. Adadin da ake nema "abu" ya kira shi, misalansa kuwa na ciniki ne, da awon fili, da rabon gado. Sai a 1637 Descartes na Faransa ya yaɗa amfani da x.

Shi ya sa a aji nake farawa da zancen baki. Mace ta auno gero tiya 3, ta ba ɗan dako dala 20, duka ta kashe dala 320. Nawa tiya guda? Yaron da ya saba aiken kasuwa zai cire 20, ya raba 300 gida uku, ya ce dala 100. Ya warware 3x + 20 = 320 ke nan. In muka fara da harafi, wannan yaron ne zai ce ba shi da kan lissafi.