Yadda Indiya Ta Juyo Ta Fuskanci Teku

Idan aka ambaci Indiya a ƙasar Hausa, abin da ya fi saurin faɗo wa mutane a rai shi ne finafinai da waƙe-waƙe, sai kuma malaman lissafi da na kimiyya da suka koyar a makarantunmu na sakandare a shekarun baya. Da wuya a sami mai tunanin jiragen ruwan yaƙi. Amma duk wanda ya shimfiɗa taswira zai ga ƙasar ta miƙe cikin teku kamar tsinin mashi, ruwa ta gabas, ruwa ta yamma, ga gaɓa mai tsawon fiye da kilomita dubu bakwai. Abin mamakin shi ne irin daɗewar da masu mulkinta suka yi suna ba wa wannan ruwa baya.

Dalilin a fili yake. Mahara na dā, tun daga Iskandari har zuwa sarakunan Mugal, duk ta mashigan duwatsun arewa maso yamma suka shigo, saboda haka can idon kowane sarkin Delhi yake. Sai ga shi wanda ya ci ƙasar baki ɗaya ta ruwa ya ɓullo. A shekarar 1498 Basko da Gama, Baturen Fotugal, ya sauka Kalikut. A 1612 jiragen Kamfanin Gabashin Indiya na Ingilishi suka fatattaki na Fotugal a kusa da Surat, suka sami gindin zama na ciniki, cinikin da daga baya ya rikiɗe ya zama mulki. An dai sami waɗanda suka farga. Kanhoji Angre, sarkin yaƙin ruwa na Maratawa, ya yi shekaru kusan talatin yana hana jiragen Turawa sakat a gaɓar yamma har rasuwarsa a 1729, amma daga shi ba a sake samun kamarsa ba. Wannan darasi ne masanin tarihi K. M. Panikkar ya nanata a ɗan littafin da ya wallafa a 1945, inda ya nuna cewa ƙasar ba ta rasa 'yancinta ba sai da ta rasa ikon tekunta.

Rundunar da Indiya ta gada ta Ingilishi ce, an raɗa mata sunan Rundunar Ruwa ta Sarkin Ingila a Indiya a 1934, manyan hafsoshinta kusan duk Turawa, ƙananan ma'aikata 'yan ƙasa. A nan ne aka yi wani abu da littattafan makaranta ba su cika dogon bayani a kansa ba. Ran 18 ga Fabrairu 1946, ma'aikatan sansanin Talwar da ke Bombay suka ƙi cin abinci, suka ƙi aiki, saboda rashin kyan tuwon da ake ba su da kuma zagin da wani kwamanda Bature ya yi musu. Kafin a ce kwabo, boren ya bazu zuwa jirage 78 da sansanoni da dama, har Karachi da Kalkata, ya haɗa mutum wajen dubu ashirin. Suka sauke tutar Ingila, suka ɗaga tutocin jam'iyyar Kongires da ta Musulmi da ta 'yan gurguzu a tare, a lokacin da shugabannin waɗannan jam'iyyu ba sa ga maciji da juna. Ma'aikatan masaƙun Bombay suka fito mara musu baya, sojoji suka buɗe wuta, aka kashe fiye da mutum ɗari biyu a tituna. Ran 23 ga wata suka miƙa wuya, bayan Sardar Patel da Muhammad Ali Jinnah duk sun ce su ajiye makami. A ganina wannan mako guda ya gaya wa London abin da jawabai dubu ba su gaya mata ba, wato ba za a ƙara dogara da sojan Indiya wajen riƙe Indiya ba.

Bayan samun mulkin kai a 1947 aka raba jiragen, kusan kashi biyu cikin uku ga Indiya, sauran ga Pakistan. Duk da haka sai a 1958 aka sami ɗan ƙasa na farko, Ram Dass Katari, ya shugabanci rundunar. A 1961 aka karɓo Vikrant daga Ingila, jirgin ruwa mai ɗauke da jiragen sama. Shekara ɗaya bayan haka Sin ta ba Indiya kashi a tsaunukan Himalaya, kuɗin tsaro suka koma kan sojan ƙasa. A yaƙin 1965 gwamnati ta taƙaita wa jiragenta zirga-zirga, har na Pakistan suka zo suka yi ruwan harsasai a garin Dwarka suka koma lafiya. Hafsoshin ruwa suka haɗiye wannan wulaƙanci, suka juya wajen Tarayyar Sobiyet sayen jiragen ƙarƙashin ruwa da ƙananan jirage masu harba makamai masu linzami.

Shekarar 1971 ce ta canza komai. Waɗannan ƙananan jirage an ƙera su ne don gadin bakin gaɓa, ba su da tankin man da zai kai su nesa, sai Indiyawa suka ɓullo da dabarar jan su da manyan jirage. Daren 4 ga Disamba uku daga cikinsu suka matso Karachi, suka nutsar da jirgin yaƙi Khaibar da wani mai share nakiyoyi. Bayan kwana huɗu aka sake komawa, rumbunan man tashar suka kama wuta. Ta gabas kuwa jiragen saman Vikrant suka toshe Chittagong, sojan Pakistan da ke can suka rasa hanyar gudu da ta taimako, abin da ya gaggauta haihuwar Bangladesh. Ba a ci nasarar a banza ba. Ran 9 ga wata jirgin ƙarƙashin ruwa na Pakistan mai suna Hangor ya nutsar da Khukri, mutum 194 suka halaka, har da kyaftin ɗinsa Mahendra Nath Mulla wanda ya ƙi barin jirgin. Ana cikin haka Amurka ta turo ƙaton jirginta Enterprise zuwa Tekun Bengal don jan kunne. Bai harba ko harsashi ɗaya ba, amma Delhi ba ta manta ba, kuma masu bin diddigin al'amarin da yawa suna danganta naciyar Indiya kan mallakar jirgin ƙarƙashin ruwa mai aiki da nukiliya da wannan rana. Ta yi hayar ɗaya daga Sobiyet a 1988, ta ƙaddamar da nata na gida, Arihant, a 2016.

Daga 1991, da aka buɗe tattalin arziƙin ƙasar, maganar ta tashi daga Pakistan ta koma kan ciniki. Fiye da kashi tamanin cikin ɗari na ɗanyen man da Indiya ke sha daga waje yake zuwa, cikinsa har da na Nijeriya, kuma duk ta ruwa. Wanda tukunyarsa ke kan murhun wani dole ya san hanyar gidan. Shi ya sa tun 2008 jiragenta ke sintiri a mashigin Adan saboda 'yan fashin Somaliya, kuma a Maris 2024 suka ƙwato jirgin kaya Ruen suka kama 'yan fashi 35. A Nuwamban 2008 ɗin dai 'yan bindiga goma suka shigo Mumbai ta kwalekwale suka kashe mutum 166, aka gane cewa mai hangen nesa ya bar ƙofar gidansa a buɗe.

Yanzu abokiyar karawar ita ce Sin. A 2017 ta buɗe sansanin soja a Jibuti, a shekarar kuma ta karɓi hayar tashar Hambantota ta Siri Lanka na shekara 99, ga kuma Gwadar a Pakistan. Indiya na da tsibiran Andaman da Nikobar a bakin mashigin Malaka, inda man Sin ke ratsawa, ta kuma kafa rundunar haɗin gwiwa a can tun 2001. Amurkan da ta tsorata ta a 1971 ita ce suke atisayen Malabar tare tun 1992, daga baya Japan da Ostareliya suka shigo.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka an gama. Har yau sojan ruwa ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta a kasafin tsaro, jiragen Sin sun ninka nata yawa, kuma ƙera jirgi a Indiya na cin lokaci. Sabon Vikrant da aka ƙaddamar a Kochi ran 2 ga Satumba 2022 ya shafe shekara goma sha uku tun daga aza ƙashin bayansa. A 2013 ma jirgin ƙarƙashin ruwa Sindhurakshak ya fashe a tashar Mumbai ya kashe ma'aikata 18. A ranar bikin Vikrant ɗin ne aka cire gicciyen Ingila daga tutar rundunar, aka sa tambari mai kusurwa takwas irin hatimin Shivaji, sarkin Maratawa.

Mu ma abin ya iso ƙofarmu. Hafsoshin Indiya ne suka taimaka aka kafa Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna a 1964, Birgediya M. R. Varma ne kwamandanta na farko. A wancan lokaci malamai Indiya ke turo mana. A 2022 kuwa jirgin yaƙi ta turo, Tarkash, ya tsaya Legas, ya yi sintirin 'yan fashi tare da jiragen Nijeriya a Mashigin Gini, dubban kilomitoci daga tekun da ke ɗauke da sunanta.